Kulawar da Gansakuka Ta Cancanta

Maitama, Abuja
5 ga Agusta

Zuwa ga taubashiyata Bara'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan wasiƙa za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya a duk ranar da jirgin kamun kifin naku ya ga damar dawowa Apapa. Ni ma lafiya, in ban da mura da damunar bana ta sa ni gaba da ita. Ranar Asabar na leƙa Ushafa, na sami mahaifiyarki, Gwaggo Barira, cikin tukwanenta. Ta ce in gaya miki ƙafar ta yi sauƙi. Ta kuma ce har gobe ba ta gane abin da ya kai 'yarta tsakiyar teku tana ƙidayar kifin da ba nata ba.

Na buga wayarki har na gaji. Tunda an ce in kun shiga ruwa babu sabis, na koma ga rubutu, wanda dama shi ya fi dacewa da mas'ala mai nauyi irin wannan.

Kin san hidimar ƙasata a wannan ƙungiya ta kare halittu za ta ƙare a Oktoba. Kowace shekara kwamitin ƙungiyar yakan zaɓi halitta guda ya yi mata gangamin wayar da kai a makarantun Abuja. Shugabarmu, Madam Rosemary, ta shaida mini baki da baki cewa in ƙasidata ta gamsar da kwamiti, za a riƙe ni ma'aikaci in jagoranci gangamin. In ba ta gamsar ba, sai in tattara littattafaina in koma Zariya, in zauna a shagon Baba ina auna wa mata yadi. Ba na raina sana'ar Baba, amma ba don ita na ƙare ƙuruciyata a ɗakin gwaje-gwaje ba.

Halittar da zan gabatar tana bayan gidanku. Inda dutsen nan ya sunkuyo ya yi inuwa, ruwa na tsattsafowa daga wata tsaga, akwai koren shimfiɗi da bai fi tabarmar salla faɗi ba. Ku kuna kiransa gansakuka, kamar yadda kuke kiran koren da ke kan kududdufi, duk suna ɗaya, alhali a ilmance tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakaninki da akuyar Gwaggo. Na sa madubin ƙara girma, sai ga tsiro cikakke: kara siriri, ganyaye jeri biyu a kwance kamar gashin tsuntsu, kowane ganye da ɗan aljihu a gindinsa. Wannan siffar dangin Fissidens ce, babu tantama. Abin da ya girgiza ni shi ne, bai yi daidai da ko ɗaya daga nau'o'in da na tarar an rubuta daga wannan yanki ba. Ba zan yanke hukunci ba sai kwanson irinsa ya nuna a ƙarshen damuna, domin da shi nake son kammala tantancewa. Saboda haka ban tsinke shi ba, na bar shi inda Allah ya ajiye shi.

Ƙa'idar kwamiti ita ce a kwatanta halittar da ake so da wata dabam ta fuskoki uku: rukunin da take cikin rabe-raben halittu, faɗin mazauninta, da matsayinta wajen barazanar ƙarewa. Na ga babu ma'aunin da ya fi kifin nan naki mai faɗi da doguwar wutsiya, Fontitrygon margarita, wanda kika cika mana kunne da shi a bikin ɗan'uwanmu Manniru. Ki rubuto mini bayaninsa dalla-dalla, da alƙaluma, ba da tatsuniyar matuƙa jirgi ba. Manufata ita ce in nuna cewa kifinki yana da masu kuka dominsa, tsirona kuwa ba shi da kowa sai ni.

Ina jiran amsa cikin gaggawa.

Ɗan'uwanki kuma ubangidanki,
Abdulƙadir

*

Apapa, Legas
24 ga Agusta

Farfesan gansakuka,

Wa alaikumus salam. Mun sauka jiya lafiya, sai gajiya da ƙarnin kifi da ya ƙi fita daga gyalena. Allah ya ƙara sauƙin mura. Ka riƙa shan citta, ka rage shan ƙamus.

Ubangidan wa? Ka manta ni na goya ka a bikin sunan ƙanwarka, kana ihu kana neman mamanka?

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Na farko don in gane Hausar, na biyu don in tabbatar da abin da na gane, wato kana so in ba ka aron kifina ka tsaya a kansa ka ɗaga gansakukarka sama. Da wani ne ya rubuto mini haka da ko amsa bai samu ba. Amma ba na so ka koma auna yadi, don na san za ka cuci matan Zariya da dogon bayani. Ga abin da ka nema.

Ni faifai nake kiransa, don haka yake, zagayayye mai faɗi. Ba shi da ƙashi ko ɗaya, guringuntsi ne duk jikinsa, shi ya sa aka haɗa shi rukuni guda da shak, babban kifin tekun nan mai kaifin haƙora. A wutsiyarsa akwai ƙaya mai dafi. Yana kwance ne a ƙasan ruwa mara zurfi, kan yashi ko laka, kusa da gaɓa da bakin koguna, daga wajen Senegal har zuwa wajen Kongo. Ka duba taswira, za ka ga siririn layi ne kawai a gefen nahiya, kuma daidai nan ne kowa ke jan komarsa, wato ragar kamun kifi. Yana cikin jerin duniya na halittun da ke fuskantar barazana.

Alƙaluma kuwa na ofishinmu ne, ba ni da izinin rabawa. Abin da idona ya gani zan ba ka. Mu jatan lande muke nema, ba shi ba, amma koma ba ta tambaya. A tafiyar nan an juye koma a kan jirgi, sai ga wata uwa a cikin tarin. Kafin in isa gare ta an datse mata wutsiya, don ma'aikata na tsoron ƙayar, kuma ba na ganin laifinsu, na ga yadda take kumbura ƙafa. Tana kwance tana bugun katako da gefen jikinta, sai ta haihu nan take, don wuya takan sa su zubar da ciki. 'Ya'ya biyu, kowanne kamar waina, da 'yar wutsiyarsa. Shi ba ya zuba ƙwai dubbai kamar sauran kifi. Kaɗan yake haifa, kuma sai ya daɗe kafin ya isa haihuwar. In ka kashe uwa guda, ka kashe gida.

To, ka ce ba shi da matsala tunda yana da masu kuka. Me kukan ya tsinana masa? Sunansa na cikin jeri, shi kuma yana cikin koma.

Ni kuma ga tambayata. Na leƙa wayata, an ce dangin Fissidens ɗin naka sun cika duniya, kusan babu nahiyar da babu su. Wane irin maraya ne wannan mai dangi ko'ina?

Ka gaida Inna in ka je, ka kuma daina cinye mata ƙosai da sunan bincike.

Uwar ɗakinka,
Bara'atu

*

Maitama, Abuja
29 ga Agusta

Bara'atu,

Salama da gaisuwa. Alhamdu lillahi da saukarku lafiya. Mura ta tafi. Maganar goyo kuma ba ta da wani shaida sai ke, don haka a ilmance ba karɓaɓɓiya ba ce.

Tambayarki ta nuna ainihin ruɗanin da nake yaƙi da shi. Kin cakuɗa dangi da nau'i. Yawan mutanen Zariya bai taɓa zama kariya ga gida guda da ke bakin kwari ba. Haƙiƙa dangin Fissidens sun watsu a duniya, amma wannan nau'in da ke bayan gidanku, wa ya san iyakarsa? Mai yiwuwa yana kan kowane dutse daga Bwari zuwa Sheda, mai yiwuwa kuma tabarmar nan ita ce dukkan abin da ke akwai. Ke kina iya zana mazaunin kifinki da biro a taswira. Ni ko ɗigo ba ni da hujjar ɗigawa sai guda.

Ta fuskar rukuni, ki lura da wani abin mamaki da na gano ina rubutu. Kifinki dabba ce mai ƙashin baya amma babu ƙashin gaske. Tsirona tsiro ne mai ganye amma babu saiwar gaske, babu jijiyoyin da ke jan ruwa daga ƙasa. Da fatar jikinsa yake sha, da wasu zaruruwa yake riƙe dutse. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, da ƙurar iri yake yaɗuwa, kuma ko auratayyarsa ba ta yiwuwa sai da danshin ruwa. Dukansu biyu tsofaffin zubi ne, sun riga yawancin abin da muke gani zuwa duniya. Na yarda wannan kamanceceniya ta rage mini ƙarfin raina kifin, kuma ban ji daɗin hakan ba.

Inda muka rabu shi ne matsayi. Kin ce sunansa na jeri shi yana koma. Magana ce mai kyau, amma shiga jerin ma gata ne. Sai an san ka, an ƙidaya ka, an ga kana raguwa, sannan a ce kana cikin haɗari. Mafi yawan irin waɗannan ƙananan tsirrai ba a ma taɓa tantance matsayinsu ba. Masu fasa dutse za su iya gamawa da nau'i sukutum tsakanin hantsi da azahar, kuma babu ofishin da zai san an yi rashi. Wannan shi ne ƙashin bayan ƙasidata, kuma ina da yaƙinin zai ratsa kwamiti.

Sakin layinki na uwar kifi zan sa shi yadda yake, duk da ƙarancin kalmomin ilimi a cikinsa, saboda lokaci ya ƙure.

Yanzu ga babbar buƙata. Madam Rosemary ta yanke shawarar kwamiti zai je Ushafa ranar 20 ga Satumba, in karanta ƙasidar a gaban dutsen, su gani da idonsu. Kafin ranar ba zan sami zuwa ba sai ana jibi, don an tura ni Sheda taron bita. Abin da ke damuna shi ne awaki, da yaran unguwa, da tokar da ake zubarwa kusa da wurin in an gasa tukwane. Na gwada yi wa Gwaggo bayani da kaina. Na ce, "Gwaggo, wannan muhalli yana da matuƙar muhimmanci ta fuskar bambancin halittu." Ta dube ni ta ce, "Audu, ka ci abinci kuwa?" Ba ni da bakin ba ta umarni, ke kuwa tana jin maganarki. Ki roƙar mini ita cikin ladabi ta ba gansakukar nan kulawar da ta cancanta kafin isowar manyan baƙi. Makomata kacokan ta rataya a kan wannan.

Naki,
Abdulƙadir

*

Apapa
2 ga Satumba

Farfesa,

Gaisuwa a tsaye, ana loda ƙanƙara, yanzu za mu tashi. Lafiyata lau. Na kira Inna na isar da saƙonka. Ta ce ka kwantar da hankalinka, ba za ta bari ka ji kunya a gaban mutanen Maitama ba. Maganar dangi da nau'i na karɓa, ka ci wannan. Sai mun dawo.

Bara'atu

*

Ushafa
18 ga Satumba

Bara'atu,

Salamu alaikum. Gwaggo lafiya, ni ma jikina lafiya. Iyakar abin da zan iya cewa lafiya ke nan.

Me kika gaya wa Gwaggo? Ina tambayarki, da waɗanne kalmomi kika isar da saƙona?

Na iso da hantsi daga Sheda, da madubina a aljihu, ina lissafin cewa kwanson iri ya isa nuna. Tun daga ƙofar gida na ga an share ko'ina, an yi wa zaure sabon daɓe, an jera tukwane bisa girmansu. Raina ya yi fari. Gwaggo ta tarbe ni da murna ta ce, "Audu, zo ka ga aikinka." Ta ja ni bayan gida tana ɗingishi.

Bara'atu, dutsen yana ƙyalli. Ban taɓa sanin farin dutse ne ba sai yau. Babu kore ko na ƙwayar gero. An kankare shi da soson ƙarfe, an bi da toka da ruwan zafi, har cikin tsagar an zura tsinke an sakace. Maƙwabciyarku Maman Divine tana tsaye riƙe da bokiti tana jiran yabo. Ta ce, "Oga Audu, wannan abu ya yi taurin kai fa. Mun wanke, ya dawo, mun sake wanke da ruwan zafi, yanzu ya mutu gaba ɗaya. Ko tsoho zai taka ba zai zame ba."

Na ce, "Gwaggo, ina gansakukar?"

Ta ce, "Tana kwari, ruwa ya tafi da ita. Ba cewa ka yi a kula da ita kafin baƙi su zo ba?"

Na ce, "Baƙin ai ita za su zo gani."

Ta yi dariya har da riƙe bango. Ta ce, "Kai dai Audu ba ka rabo da wasa. Mutum ya taso da mota daga Maitama don ya ga dauɗa?"

Na durƙusa na bi dutsen da madubi daga wannan gefe zuwa wancan, na gangara kwarin na tona laka da hannuna. Ban sami ko ganye ɗaya ba. Da na tsinki ko ɗan yanki a watan jiya da yanzu ina da abin nunawa, amma na bar shi don ya cika halittarsa, na bi ƙa'ida, ga sakamakon bin ƙa'ida. Hotunan wayata kore ne kawai a kan toka-toka, ba sa tabbatar da komai. Watakila nau'in da ba a taɓa rubutawa ba ne, watakila kuma gama-gari ne da na jahilta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba zan taɓa sani ba.

Na hauro daga kwarin na koma wajen Gwaggo. Ta kawo mini fura, na sha, na yi godiya. Fushina gaba ɗaya na ajiye miki shi, domin ke kika yi karatu, ke kika san mene ne samfurin bincike, kuma ke na ba amana. Jibi kwamiti zai zo, motoci an riga an tanada, Madam Rosemary ta ƙi ɗage ranar. Zan tsaya gaban wankakken dutse in yi wa mutane bayanin abin da babu.

Ki amsa mini da zarar kin ga wannan.

Abdulƙadir

*

Apapa, Legas
6 ga Oktoba

Abdulƙadir,

Wa alaikumus salam. Mun dawo lafiya, injin ya ba mu wahala shi ya sa muka daɗe. Yanzu na buɗe wasiƙarka, kuma na san ranar ta riga ta wuce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi na ji zafin abin. Na san yadda mutum ke ji in abin da yake nazari ya mutu a gabansa, ba zan yi maka wasa da wannan ba.

Amma fushin da ka ajiye mini, zo ka ɗauki kayanka. Ka tambayi kalmomin da na faɗa, ga su. Na ce, "Inna, manyan baƙi za su zo daga Maitama ganin dutsen bayan gida, Audu ya ce don Allah ki ba gansakukar nan kulawar da ta cancanta." Kalmominka ne, ban ƙara ba ban rage ba, don ka sha gaya mini cewa ina lalata maka jimla in na taƙaita. Ta ce, "To, dama ta ishe ni." Ana ta ihun a hau jirgi, na ɗauka akuyarta take nufi, na kashe waya.

Yanzu ka zauna ka yi tunani. Matar da ta shekara tana faɗa da santsin wurin nan, wadda a nan ta zame ta gurɗe ƙafar da kake rubuto mini labarinta, aka ce mata baƙi na zuwa, a ba gansakuka abin da ta cancanta. A gidan wace Bahaushiya gansakuka ta cancanci wani abu ban da soso? Kai da kanka ka rubuta cewa mu suna ɗaya muke kiran tsironka da dauɗar kududdufi. Ka san haka, sannan ka aika da sunan ba tare da ka ce komai a kai ba. Me ya hana ka rubuta "kada a taɓa"? Ko don ba ta da tsawo?

Na kira Inna kafin in rubuto maka. Ta ce baƙi sun zo sun tafi, sun yaba tukwane, kai kuma ka yi ta magana har ta tausaya maka ta aika da ruwa. Ba ta san abin da aka yanke ba. Ta ce tun ranar ba ka koma ba, tana tambaya ko wankin ne bai yi maka ba. Da ciwon ƙafa ta durƙusa ta yi aikin nan don a ga mutuncinka. Ko me ya faru, ka je ka gaishe ta.

Ni kuma ka fitar da ni daga duhu. An riƙe ka, ko in fara yi maka odar almakashi?

'Yar'uwarka,
Bara'atu

*

Maitama, Abuja
9 ga Oktoba

Bara'atu,

Assalamu alaikum. Barka da dawowa, Allah ya huta gajiya. Jiya na je Ushafa na gaida Gwaggo, na tabbatar mata da cewa ban taɓa ganin wanki mai inganci irin nata ba, wanda kuma gaskiya ne. Tana lafiya. Batun jimlata ba zan tsawaita ba. Har yanzu ina ganin ta fuskar nahawu ba ta da aibi, amma na lura nahawu bai hana ruwan zafi zuba ba.

Ga yadda ranar ta kasance. Kwamiti ya iso, Gwaggo ta shimfiɗa tabarmi a gindin dutsen, ta ce da Madam Rosemary, "Ga shi nan fes, ku kalla da kyau." Madam ta kalli dutsen, ta kalle ni, ta ce, "Abdul, ina abun?" Na yi bayani a taƙaice gwargwadon iyawata. Wani dattijo a kwamitin, Mista Innocent, ya juya baya yana tari, amma kafaɗunsa sun tona shi.

Na yanke shawarar mayar da musibar hujja. Na ce wannan wankakken dutse shi ne ƙasidata a aikace, ga yadda nau'i ke ɓacewa ba da mugunta ba, ba tare da an taɓa sanin sunansa ba. Na yi imani da abin da na faɗa, kuma ina nan a kansa. Sun gyaɗa kai. Sai dai na ga idanunsu na zamewa zuwa ga tukwane. Na bi rukuni, na bi mazauni, na bi matsayi, ina jin muryata na dawo mini daga dutsen. Da na iso sakin layinki na uwar kifi, na karanta shi da sauri don in wuce. Ban kai ƙarshe ba na ga idanunsu sun bar tukwane sun dawo kaina. Maman Divine, wadda ba wanda ya gayyata, ta ce daga bakin katanga, "Wayyo, a kan katako ta haihu?" Madam ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ranar Litinin ta kira ni ofis. Ta ce, "Abdul, paper ɗinka ya gamsar da mu." Na fara godiya. Ta ɗaga hannu ta ce, "Amma kifi muka zaɓa. Gansakuka ɗinka ba ya nan, kifi ma ba ya nan, amma kifin mun gan shi a labarin da ka karanta. Yara ma za su gan shi." Na ce ƙasidar ta kawo kifin ne a matsayin ma'auni kurum, kuma Abuja ba ta da teku. Ta ce, "Abuja na cin kifi, kuma a nan masu sa hannu a doka suke, yaransu na makarantun da za ka je. Aikin naka ne in kana so. In ba ka so, ka faɗa mini kafin Juma'a."

Ki dubi girman wannan zalunci. Na kawo kifinki don in taka shi, ya tashi da kujerata, sannan aka ce ni zan riƙa yawo da shi aji-aji ina yabonsa. Na fita na zagaya unguwar nan, ina wuce masu gadi da masu ban ruwan fulawa, ina tsara wasiƙar ƙin karɓa a kaina, kuma ta yi kyau ƙwarai. Da na zo ƙarshenta sai na ga babu abin da ke bayanta sai shagon Baba, kuma daga can babu wani dutse da zan sake dubawa. Daga nan kuwa, duwatsun Bwari ba su ƙare ba, kuma Asabar tawa ce. Na koma na sa hannu.

Sharaɗi guda na gindaya, Madam ta amince. Ba zan tsaya gaban yara in yi bayanin halittar da ban taɓa gani ba. Kuma tunda abin ya zo ga haka, gara ki ji daga bakina: ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne dam ɗin da ke kusa da gidanku.

Saboda haka ranar Juma'a mai zuwa zan hau motar Legas. Ki nema mini izinin shiga jirginku ko da na tafiya guda ne, ki kuma zo tasha ki tarbe ni, don an ce garin ba ya jiran baƙo ya gama tambaya. Ina gargaɗinki tun yanzu, a gaban ma'aikatan jirgi sunana Malam Abdulƙadir. In akwai maganin da ake sha don kada ciki ya juya, ki saya mini, amma ki ba ni a ɓoye.

Ɗan'uwanki,
Abdulƙadir